Karatun Lauratu da Tukwanen Sa'a

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan La'asar

Sakamakon zango na uku ya fito. Ni Lauratu, 'yar Faskari, malamar sakandaren 'yan mata, ni ce ta biyu a ajin da ke cike da mutanen Legas da Abuja. Na rubuta a nan don in gani da idona. Digiri na biyu ne fa, ta waya, ina tsaye jikin katanga gindin darbejiya, inda sabis ke ɗan kamawa.

Maigidana Malam Sha'ibu ya fi ni murna, har tsire ya shigo da shi. Amma bai daina zolayata ba. Tun ranar da na ce masa karatun koci zan yi yake tambayata wace ƙungiyar ƙwallo ce za ta ɗauke ni. Na sha yi masa bayani: reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam da ke duba abin da ke tsayar da mutum da ƙafafunsa, ba ciwonsa kaɗai ba. Shi kuma koci zama yake yi da mutum yana yi masa tambayoyi, har mutumin ya gano ƙarfin da ke jikinsa, ya tsara abin da zai yi da kansa. Ya gane sarai, tsokana ce kawai. Shi da ke yawo ƙauye-ƙauye yana yi wa shanu allura, yau cewa ya yi, "Ashe aikinmu guda, Koci. Ni ma rigakafi nike yi."

Saura abu ɗaya: aikin gwaji. In sami mutum guda in riƙa zama da shi, sannan in kare aikin a gaban malamai a watan gobe. Dakta Fatima Zahra'u ce mai duba ni. Ban taɓa ganinta ba sai a waya, amma ina jin tsoronta kamar tana bakin ƙofa.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Malam ya tafi Sheme, akwai garken da ke jiransa. Ya ce a ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan Asuba

Tuwon na nan a rufe.

Alhamis, gab da Magariba

An kawo babur ɗin Malam a bayan a-kori-kura, ba tare da shi ba. Akwatin allurar na ɗaure yadda ya ɗaure shi. Ba zan rubuta abin da direban ya ce ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, da Azahar

Gida ya cika. Yaya Mas'udu, wan Malam, ya zo daga Ƙanƙara da mahaifiyarsu Hajiya Mero. Maza suna zaure suna magana ƙasa-ƙasa, da na gitta sai su yi shiru. Wayar Yaya Mas'udu tana kan tabarma a tsakiyarsu, kowa na kallonta kamar tukunyar da ake jira ta tafasa.

'Yata Hamida ta tambaye ni yaushe Babanta zai dawo. Na ce mata ban sani ba, amma muna roƙon Allah. Ban yi mata ƙarya ba. Shekararta tara, ta cancanci gaskiya daidai tsawonta.

Na share tsakar gida. Na dafa wa baƙi abinci. Ban yi kuka a gaban kowa ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan La'asar

Wayar ta yi ƙara. Yaya Mas'udu ya fita da ita waje. Da ya dawo ya ce mini, "Na ji muryarsa." Shi ke nan abin da na tambaya, shi ke nan abin da zan rubuta.

Laraba, 16 ga Oktoba, da hantsi

Na gaya wa Dakta, a taƙaice. Ta ce dokar makaranta ta ba ni damar ɗage aikin zuwa baɗi, kuma babu wanda zai ga laifina. Na ce na gode, ba zan ɗage ba.

Ta ce, "Lauratu, mai ɗauke da kaya ba ya taya wani ɗauka."

Na ce, "Dakta, a garinmu yanzu babu wanda ba ya ɗauke da kaya. In sai marar kaya za a jira, ba za a taɓa taya kowa ba."

Ta amince, da sharaɗi biyu: duk mako sai na fara gaya mata halin da ni kaina nake ciki, kuma kada in tona wa kowa ciwonsa, don ni ba likitar ƙwaƙwalwa ba ce. Na karɓa.

Ban fasa ba. In ya dawo ya tarar na ajiye karatun nan saboda shi, da wane ido zan kalle shi?

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Hajiya ba ta ci. Kunu take kurɓa ta ture kwanon. Yau ta same ni gindin darbejiya ina sauraron darasi, ta tsaya a kaina.

"Ke Laure, ɗana shina can inda shike, ke kina nan kina kallon waya? Mi za a ce a gari?"

Na cire abin kunne na durƙusa. Na ce, "Hajiya, shi ya sa ni karatun nan."

"Shi ya sa ki, ai da shina gida."

Na sunkuyar da kai. Uwa ce, ita ta haife shi. Amma da ta shige ɗaki na mayar da abin kunnena na ƙarasa darasin. An ce a gari, an ce. Ko a makaranta na ga yadda malamai biyu suka haɗa ido da na shigo da littattafai.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Mutanen ƙauyukan wajen Damari sun cika firamaren unguwarmu. Da ƙafa wasu suka zo, sun baro masara a gona ba a karya ba. Na kai zannuwa da sabulu. Mutanen gari suna kawo hatsi, amma rabon ya zama faɗa: kowace mace da murhunta, itace ba ya isa, mai ƙarfin baki ta samu, mai kunya ta kwana da yunwa.

A aji na ƙarshe na ga wata zaune ita kaɗai da goyo, tana kallon allo. Halimatu Sa'adiya sunanta, Sa'a ake ce mata. Ba ta fi talatin ba. Wata tsohuwa ta raɗa mini cewa mijinta Gide yana cikin waɗanda ba su iso ba. Na yi wa Sa'a bayanin karatuna, na tambaye ta ko za ta yarda mu riƙa zama muna magana, ba dole, kuma ranar da ta ce a daina an daina. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To, ai zaman muke yi."

Talata, 22 ga Oktoba, bayan La'asar

Zaman farko ya lalace, kuma na san inda na kuskure. Na ɗauko darasin nan na a faɗi abubuwa uku masu kyau da suka faru yau. Ta dube ni tun daga gyale har takalmi.

"Malama, ke kin kwana ɗakinki, mijinki na gehenki. Shi ya sa kike neman abu mai kyau. Ki tahi da tambayarki."

Na ce ta yi haƙuri, tambayar ba ta dace da yau ba. Na tashi. Ban gaya mata komai game da Malam ba.

Na iso gida kaina a sama.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da Azahar

Dakta ta ce, "Wannan fanni ba fenti ba ne da ake shafa wa bango mai tsaga. Ki koma ki saurara." Ta kuma tambaye ni ko ina barci. Na ce ina kwanciya.

Na koma. Wannan karon ban je da komai ba sai kunne. Na zauna kusa da ita, jaririnta na wasa da bakin gyalena. Can na ce, "Sa'a, a garinku, in an ce wani abu sai Sa'a, mene ne?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Sai kuma ta ce, "Girkin taro."

Daga nan bakinta ya buɗe. Ashe duk biki, duk suna, duk gayya a ƙauyensu, ita ke tsayawa kan tukwane. Ta kalli taro ta san tiya nawa zai ci. Ta san wadda za a ba surfe da wadda za a ba tuƙi, da waɗanda ba a haɗa su murhu guda don ba sa ga maciji da juna. Tana magana tana nuni da hannu, har ta gyara zama. Sai ta leƙa ta taga ta ga hayaƙin murhu ashirin da wani abu yana tashi a filin makaranta, ta ja tsaki.

"Dubi ɓarnar itace."

Wallahi harshena ya yi ƙaiƙayi, amma na riƙe shi. Wannan riƙewar ita ce karatun duka.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan Asuba

Rigarsa ta aiki na rataye a ƙusa. Na wanke, na goge, na mayar.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan La'asar

Zama na uku. Ita ta fara magana: "Da za a haɗa hatsin wuri guda, da kowa ya ci." Na ce, me zai hana? Ta ce wa zai saurari baƙuwa mai goyo. Na ce, a cikin matan nan wa ake saurara? Ta lissafo tsofaffi uku. Na ce, wacce za ki fara samu, kuma yaushe? Ta yi tunani ta ce, "Ta ɗakin tsakiya. Gobe in an yi Asuba, kahin hayaniya."

Ita ta zaɓi abin, ita ta zaɓi mutumin, ita ta sa lokaci. Ni tambaya kawai na yi. Na dawo gida ina ji kamar in tsayar da mutane a hanya in ba su labari.

Yaya Mas'udu ya tafi Ƙanƙara ya dawo. An sayar da abin da aka sayar. Ban tambaya ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, da hantsi

Wayar ba ta yi ƙara ba tun ranar Asabar.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar

Ina wanke-wanke na ji sallama. Sa'a ce a tsakar gidana, idonta jawur. Wata maƙwabciyarmu ta gaya mata.

"Malama, na ce maki mijinki na gehenki, kika yi shiru? Mi ya sa ba ki gaya mani ba?"

Na ce, "Zaman naki ne, Sa'a, ba nawa ba."

Ta kama hannuna da kumfar sabulu da komai. Mun daɗe a haka. Yau na yi kuka a gaban mutum, kuma ban ji kunya ba.

Sannan ta share fuska ta ce ba wannan kaɗai ya kawo ta ba. Tsofaffin sun yarda, an haɗa hatsi, amma babu manyan tukwane. Hajiya na zaune bakin ƙofar ɗaki da tasbaha, tana jin komai. Sa'a ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Hajiya, an ce mani a Ƙanƙara ba a yin dambun taro sai an kira ki. Mu masara muke da ita da yawa, ga zogale a bayan makaranta, amma ni dambun mutum ɗari bai taɓa yi mani kyau ba, caɓewa shike."

Ni ce na taɓa ambata mata dambun Hajiya a cikin hira, ban san ta riƙe ba.

Hajiya ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ruwa kike cika wa tsakin."

Shi ke nan abin da ta ce. Amma ita ce jimla mafi tsawo da ta yi kan wani abu ba ɗanta ba, tun da ta zo.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da Azahar

Hajiya ta sa mayafi ta ce in raka ta. Ta bi gidajen unguwa huɗu da kanta, ta aro tukwanen biki. Wa zai hana Hajiya Mero tukunya? A makaranta aka sa mata kujera, tana ba da umarni da sandarta, Sa'a na raba aiki. Murhu uku kacal. Yara suka yi layi, sannan tsofaffi, sannan masu goyo. Ba a yi faɗa ba.

Sa'a ta ɗebo a kwano ta ce, "Hajiya, ɗanɗana ki ji ko gishiri ya ji." Ta ɗanɗana. Ta sake ɗanɗanawa. Na juya baya ina kallon wani wuri har ta cinye kwanon.

A hanyar dawowa ta ce, "Wanga abu da kike karantawa, shi ne wannan?"

Na ce, "Wani ɓangarensa ne, Hajiya."

Ta ce, "Hm." Da muka shigo gida ta ce wa Hamida ta daina surutu kusa da darbejiya, uwarta na karatu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan La'asar

Wayar ta yi ƙara. Alhamdu lillahi. An ji muryarsa, amma Yaya Mas'udu ya ce tana can ƙasa.

Na gama rubuta rahoton aikin. Na karanta wa Sa'a da Hausa duk abin da na rubuta a kanta, don haƙƙinta ne ta ji. Na ce zan sauya sunanta. Ta ce, "Don mi? Sata na yi? Ki sa Halimatu Sa'adiya, su sani." Dokar makaranta ba ta yarda ba, dole na sauya, amma na yi mata alƙawari zan gaya wa Dakta da baki.

Talata, 12 ga Nuwamba, bayan Asuba

Yaya Mas'udu da mutum biyu sun fita zuwa inda aka ce su je. Yau kuma nake kare aikina. Ban zaɓi haɗuwar ranakun nan ba.

Talata, bayan La'asar

Na tsaya gindin darbejiya da sabon gyale. Malamai uku a waya. Sabis ya yanke sau biyu, sau biyu na sake kira. Wani farfesa ya tambaye ni ko ba na ganin wannan ilimi na masu kwanciyar hankali ne, na mutanen da ke neman ƙarin girma a ofis. Na ce masa na gwada shi yadda yake a littafi, an kore ni. Na sake gwada shi da kunne, yau mutum sama da ɗari suna ci daga murhu uku, kuma ba ni na ba da shawarar ko ɗaya ba. Ya tambayi me zan gyara. Na faɗa masa abu biyu, ban ɓoye ba.

Dakta ta kira ni daga baya. Na ci. Ta ce a shekarunta na koyarwa ba ta manta ɗalibai irina. Na gaya mata sunan Sa'a na gaskiya, ta maimaita shi.

Hajiya na kan dardumar salla tun safe. Na durƙusa na gaya mata. Ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Allah shi yi maki albarka." Sannan muka ci gaba da kallon ƙofa tare.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da Magariba

Shiru.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Ya dawo.

Asabar, 16 ga Nuwamba, bayan Azahar

Ba zan kwatanta yadda yake ba. An kai shi asibiti an duba ƙafafun. Yana cin abinci kaɗan-kaɗan, yana riƙe hannun Hamida, yana amsa gaisuwar 'yan barka da kai. Bai ce komai a kan can ba, ni kuma ban tambaya ba. Wannan ba aikin koci ba ne. Dakta ta ba ni lambar wani likita a Katsina, na ajiye har ranar da ya shirya.

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan La'asar

Sa'a ta zo barka. Ta daɗe a zaure ba ta shigo ba, na san abin da ke cinta. Na tambayi Malam ko zai iya, ya ce ta shigo.

Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta yi masa barka da arziki. Sannan ta ce, "Malam, ko ka ga wani mutumin wajen Damari, Gide sunansa? Dogo, baƙi, yana da wushirya."

Malam ya rufe ido. Hajiya ta daina jan tasbaha. Ni kuwa na kama gefen tabarma.

Ya ce a hankali, "Mai tabon lauje a hannun hagu?"

"Shi ne."

"Na baro shi da rai. Lafiyarsa ta fi tawa." Ya numfasa. "Shi ke yi mana limanci."

Hawaye na zuba, Sa'a ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta sake duban Malam.

"Limanci? Gide? Mutumin da sai na yayyafa mashi ruwa kahin ya tashi Asuba?"

Malam ya ce, "To, can shi ke tashin kowa. Har da ni."

Dariya ta ƙwace mata a cikin kukan, ta toshe baki da gyale ta kasa tsayawa. Hajiya ta kama, ni ma na kama. Sai na ji wani sauti daga kan katifa, ƙasa-ƙasa, kamar tari. Na juya a tsorace. Malam ne, ya riƙe haƙarƙarinsa, kafaɗunsa na girgiza.

Da Sa'a ta samu numfashi ta miƙe, ta gyara goyonta ta ce, "Bari in tahi, na baro wake a wuta. In ya dawo, wallahi shi zai riƙa tashina."